Garmar shanu ta sake karyewa a gefen walda: a ƙara gyara ta ko a sayi sabuwa?

Manomi daga Safo, kusa da birnin Maradi, ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure, ina kuma neman shawarar masu sana'ar ƙarfe da ke cikinsa. Ina da garmar shanu wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma da ita muke huɗar gujiya da aya kowace damina. Bara muna cikin aiki sai bakinta ya kama saiwar kalgo, shanu suka fizga, wuyanta ya tsage daidai inda sandar ta lanƙwasa ta gangara zuwa baki. Na kai ta cikin birni, wani mai walda ya liƙe wurin, ya ɗora walda mai kauri har ta yi tudu, ya zuba mata ruwa ta huce, na ɗauko ta. Ba a daɗe ba ta sake karyewa, amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne waldar tana nan daram, ƙarfen da ke gefenta ne ya rabu, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba.

Tambayata ta farko ita ce, shin laifin baget ne, wato siririn ƙarfen da ake narkarwa a yi walda, ko na wuta, ko kuwa ƙarfen ne ya mutu har ba ya karɓar gyara? Ta biyu, ƙaramin ƙarfen da ke riƙe tayar gaba shi ma ya fashe, kuma cikinsa toka-toka ne mai tsaki-tsaki, an ce mini irinsa ba ya kama walda. Ta uku, bakin garmar ya cinye sosai, wasu suna ba ni shawara a shafa masa walda mai tauri, wasu kuma suna cewa in kai wa maƙera. Ga shi muna cikin watan Mayu, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ba na so ruwan shuka ya sauka garma tana kwance. Allah ya saka da alheri.

Mai walda a Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Bayanin da ka yi ya isa a gane ciwon garmarka tun ba a gan ta ba, kuma ina tabbatar maka ƙarfen bai mutu ba. Karyewa a gefen walda alama ce sananniya a wurinmu, kuma yawanci tana nuna cewa ba a tsaya an tambayi kai wane irin ƙarfe ne ke hannu ba kafin a kunna injin.

Ƙarfen da muke yin ƙofa da taga da shi mai laushi ne, sinadarin kabon da ke cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, shi ya sa ko yaron da ya fara koyo zai liƙe shi ya zauna. Sandar garma ta kirki kuwa sau da yawa kabon ɗinta ya fi haka, domin a so ta jure fizga ba tare da ta lanƙwashe ba. Irin wannan ƙarfe idan wutar walda ta gasa gefensa, sannan ya huce da sauri, wurin da ya gasu yakan yi tauri fiye da kima, ya rasa juriya, ya zama abin da bugu ɗaya ke fasawa. Ruwan da aka zuba wa garmarka shi ne ya ƙarasa ta. Abin da aka yi mata daidai yake da abin da maƙeri ke yi da gangan idan yana so ya ba wuƙa tauri, sai dai an yi shi a wurin da ake buƙatar juriya. Tudun waldar da ka gani ma bai ƙara mata komai ba, domin idan ba a gurje bakin karayar ba, walda a sama kawai take zama, tsagin yana nan a ciki yana jiran ranar da za a sake ja.

Kafin komai a gwada ƙarfen da injin gurza, a cikin inuwa inda ake ganin tartsatsi sosai. Ƙarfe mai laushi yana fitar da dogon tartsatsi mai haske wanda ba ya yawan rassa. Mai yawan kabon yana fitar da tartsatsi mai fashewa, rassa birjik. Ƙarfen zubi, wanda muke kira font, nasa gajere ne, ja mai duhu, ba ya nisa da dutsen gurzar. Wannan gwaji ba ya cin minti 1, amma shi ke raba gyaran da zai zauna da wanda zai dawo.

Idan wuyan ya nuna kabon, ga yadda zan yi shi. Zan gurje tsohuwar waldar gaba ɗaya tare da ƙarfen da ya ƙone a gefenta, har sai na isa farin ƙarfe mai lafiya. Zan fere bakin karayar ta fuska biyu, ya zama kwari mai faɗin kusurwa kamar digiri 60, in bar ƴar tazara ta milimita 2 a tsakiya domin walda ta ratsa har ciki. Sannan in ɗaure sassan biyu a kan miƙaƙƙen ƙarfe, domin idan wuya ya karkace ko kaɗan garma ba za ta ƙara bin layi ba, kuma shanu ne za su sha wahalar. Daga nan sai a ɗumama wurin da gawayi ko da gas, faɗin tafin hannu ta kowane gefe, zuwa digiri 200 ko 250. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi inda aka gurje ya yi fari: idan ya fara juyawa zuwa launin busasshen kara, zafin ya kai, idan ya yi shuɗi kuwa ya kusa digiri 300.

Batun baget, wadda aka fi samu a kasuwa ita ce mai lamba 6013. Tana da daɗin kunnawa, tana ba da walda mai sheƙi, kuma ta dace da ƙofofi da gadaje, amma ba ita ce ta wuyan garma ba. A nemi 7018 mai kaurin milimita 3.2, a sa wuta wajen amfiya 110 zuwa 130, a yi layi-layi, ana kankare dattin kowane layi kafin a ɗora na gaba, ana juya fuska domin kada zafi ya ja ƙarfen gefe ɗaya. Sharaɗinta shi ne ta kasance a bushe. Idan ta kwana a buɗe cikin raɓar watan Agusta ta sha danshi, amfaninta ya tafi, don haka a sayi wadda ke cikin kwalinta a rufe. Idan an gama, kada ruwa ya kusance ta. A binne wurin cikin busasshen rairayi ko toka, a bar shi ya huce a hankali har hannu ya iya taɓawa.

Ina kuma son a ɗora ƙarfen tallafi ta gefe biyu, wanda ya zarce karayar da tsawon tafin hannu gaba da baya. A fere ƙarshensa ya yi tsini, kuma a yi waldarsa a tsawon sandar kawai. Duk wanda ya ratsa sandar da walda a ƙarshen tallafin, ya shata wa garma layin da za ta karye a gaba.

Ƙaramin ƙarfen taya kuwa, yadda ka kwatanta shi font ne, kuma idan ka shafa cikin karayar da yatsa za ka ga baƙi kamar na fensir. Kabon ɗinsa yana tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Yana kama walda, amma da baget ɗin nikel, ɗan gajeren layi na santimita 2 ko 3, ana bubbuga shi da ƙaramar guduma tun yana da zafi, ana jira ya huce kafin a ci gaba. Sai dai baget ɗin nikel tana da tsada, kuma a ganina asara ce a kashe ta a kan abu ƙarami irin wannan. Gara a yanko farantin ƙarfe mai laushi a ƙera sabo, wanda ko ya lanƙwashe a gona za ka miƙe shi da guduma ka ci gaba da aiki.

Baki kuma ni ina goyon bayan walda mai tauri, domin rairayin jigawarmu yana cin ƙarfe fiye da yadda mutane suke zato.

Maƙeri daga Tibiri ya amsa:

Sallama ga kowa. Duk abin da ɗan'uwana mai walda ya faɗa a kan wuya da ƙarfen taya gaskiya ne, ba ni da abin ƙarawa. A kan baki ne nake da ja, kuma ina roƙon ya yi mini haƙuri.

Ɗana, bakin garma ba tauri kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar siffa. Idan ka ajiye garma mai lafiya a kan daɓe, za ka ga tsininta ya ɗan duƙa ƙasa, akwai ƴar kafa a bayansa wadda haske ke wucewa. Wannan ɗan duƙawar ita ke sa garma ta nutse da kanta, mai riƙo yana bin ta kawai. Idan baki ya cinye, duƙawar ta tafi, sai ka ga mai huɗa yana danna hannuwa da dukan ƙarfinsa, garma tana tsalle, shanu suna haki tun hantsi bai yi ba. Walda mai tauri ba ta mayar da wannan siffa. Idan aka shafa ta a kan bakin da ya riga ya yi siriri, zafi yakan murɗe shi, kaifin ya yi kauri, kuma ba za a ƙara iya daddale shi a maƙera ba, domin abin da aka shafa ba ya jin guduma, fashewa yake yi.

Mu abin da muka gada shi ne, idan baki yana da sauran nama, a sa shi a wuta a jawo kaifin da guduma, a mayar masa da tsini. Idan ya ƙare, a ƙera sabo da sifirin ɗin tsohuwar mota, wanda kabon ɗinsa ya kai wajen kashi 0.6 cikin 100. A ba shi tauri da mai, ba da ruwa ba, sannan a sake ɗumama shi kaɗan domin ya saki gautsi. A huda shi daidai da ramukan tsohon, a ɗaura da noti. Ina jaddada noti domin ina ganin garemani da yawa ranar kasuwa waɗanda aka liƙe bakinsu da walda a jikin gindin, saboda an rasa noti ko an ƙi wahalar huji. Baki abu ne mai ƙarewa, an yi shi ne domin a cire a sauya. Wanda ya liƙe shi, ranar da ya cinye sai an yanka gindin garmar kafin a raba su.

Inda zan yarda da mai walda shi ne a kan sabon baki mai kauri. Idan aka shafa masa siririn layi ta fuska ɗaya tun bai shiga ƙasa ba, fuskar da ba a shafa ba tana cinyewa da sauri, kaifin yana wasa kansa. Wannan na gani da idona, kuma yana aiki. Amma a tsohon baki, a'a.

Direban tarakta a Jiratawa ya amsa:

Allah ya ƙara wa Baba maƙeri lafiya. Ni ba mai walda ba ne, amma aikina a fadamar Jiratawa da gonakin bakin Gulbin Maradi ya sa kullum ina ƙofar masu walda, kuma ina so in ƙara abin da ya shafi manyan garemani, domin na san akwai masu tarakta da ke karanta wannan zaure.

Garemanin tarakta da yawa suna da wani noti da aka yi shi da gangan domin ya katse idan baki ya ci karo da dutse ko kututture. Idan ya katse, ƙafar garmar ta koma baya, sauran jiki ya tsira. Abin da ke faruwa a wurinmu shi ne, idan ya katse sau da yawa sai mai tarakta ya gaji, ya sa noti mai tauri a madadinsa, ko ma ya ce a liƙe wurin da walda. Daga ranar fizgar da notin ke shanyewa sai ta koma kan babban jikin garmar, wani lokaci har kan hannuwan tarakta, a wayi gari gyaran da ya kamata ya tsaya a kan noti ɗaya ya zama na makonni.

Faifan haro idan ya tsage daga ramin tsakiya, ban taɓa ganin waldarsa ta kai ƙarshen damina ba, domin ƙarfe ne siriri mai tauri wanda ke lanƙwasa yana dawowa a kowane juyi. A sauya shi, tsohon kuma a kai wa maƙera, suna fitar da hauya da kwasa masu kyau daga cikinsa. Idan tsagi ne a jikin firam wanda bai rabu ba, a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshensa kafin a fere, domin ya daina tafiya.

Sai abu biyu da nake roƙon masu walda. Idan za a yi aiki a kan haro, a maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake walda, kada wuta ta bi ta cikin boris, domin tana ƙona shi ta ciki ba a gani, sai an shiga gona ya fara kuka. Idan kuma garmar tana jikin tarakta, a sauke ta ƙasa ko a tokare ta da ƙarfe, a cire kan batir, kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da ƙarfin man tarakta kawai ke riƙe da shi a sama.

Malamar aikin gona daga Madarunfa ta amsa:

Ina gaishe ku duka. Malam mai tambaya ya ambaci saiwar kalgo, kuma ina ganin bai kamata a wuce wannan ba, domin ko an yi walda mafi kyau, garmar gona ɗaya za ta koma. Tun shekarun 1980 da sassaben zamani ya fara yaɗuwa daga jihar Maradi, manoma suna barin tohon kalgo da sabara da gawo suna girma a cikin gonaki, kuma amfanin hakan a bayyane yake wajen tare iska da gyaran ƙasa da samun itace. Amma gonar da ke da itatuwa tana da saiwoyi da tsofaffin kututture a ƙarƙashin rairayi. Ba na ba kowa shawarar tumɓuke su saboda garma. Abin da ya dace shi ne tun da rani, lokacin da ake sharar gona, a kafa alama a kan kowane kututture, mai riƙo ya ɗaga garma idan ya iso, a ƙarasa kewayen da hauya.

Haka kuma a duba lokacin shiga gona. Jigawa tana karɓar garma da ruwan farko, amma geza da fadama suna buƙatar ruwa ya ratsa su sosai. Gaggawar huɗa a busasshiyar geza tana karya garemani da yawa a farkon watan Yuni, tana kuma rame shanun da suka fito daga rani ba ƙarfi. Yaron da ke jan shanu ma a koya masa ya tsayar da su da zarar garma ta cije, kada ya sa musu bulala.

Manomi daga Safo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kai garmar wurin wani mai walda a nan kusa, muka gwada ta kamar yadda aka ce. Wuyan ya fitar da tartsatsi mai yawan rassa, ƙarfen taya kuma gajere ja, har ya baƙanta mini yatsa. Baki zan kai wa maƙera a ƙera sabo, Baba, kuma da noti za a ɗaura shi in sha Allahu. Matsalar da ta rage ita ce mai waldar ya ce injinsa tsohon taransifoma ne, 7018 tana maƙalewa ba ta kama wuta da shi, kuma tun lokacin da aka yanke wutar Najeriya a 2023 ya saba aiki da ƙaramin janareta idan ta NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ta ɗauke. Shin in bar shi ya yi da 6013 tun da za a ɗumama ƙarfen, ko in ɗauko ta zuwa birni?

Mai walda a Sabon Gari ya sake amsawa:

Malam, mai waldarka ya faɗa maka gaskiya, kuma wannan alama ce ta mutumin kirki. Baget 7018 ta fi son wutar da ƙananan injinan zamani masu inbata ke bayarwa, a maƙala marikin baget a gefen da ke da alamar tarawa. Tsofaffin taransifoma da yawa ba sa iya riƙe ta, sai ta yi ta maƙalewa, kuma kowace maƙalewa tabo ce a jikin ƙarfe mai kabon inda sabon tsagi zai iya farawa. Ƙaramin janareta ma ba zai ɗauki baget mai milimita 3.2 ba. Ana buƙatar wanda ya kai kilowat 5 ko fiye, da gajeriyar waya mai kauri, domin doguwar siririyar waya tana shanye wutar kafin ta iso. Idan wuta ta yi rauni, walda tana kwanciya a kan ƙarfe ba tare da ta narke da shi ba, ido yana ganin ta cika, amma ba ta kama komai ba.

Saboda haka ka bar masa aikin ƙera sabon ƙarfen taya, 6013 ta isa a can. Wuyan kuwa ka kawo shi birni wurin duk wanda ke da inbata, ko ka ari injin a kai masa idan wutar gari ta dawo da ƙarfinta. Idan aka rasa 7018 busasshiya, a nemi baget ɗin inos, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 312, wadda ake haɗa sifirin da ƙarfe mai laushi da ita. Ta fi tsada, amma ƴan ƙwayoyi kaɗan za su cika kwarin wuya.

Baba maƙeri, na karɓi gyaranka a kan tsohon baki. Abin da zan ƙara shi ne, a sabon ma kada a wuce layi 2 na walda mai tauri, kuma kada a taɓa haɗa karaya da ita. Hayaƙinta yana da illa ga ƙirji, a yi ta a fili inda iska ke kaɗawa.

Ranar da za ka kawo garmar, Malam, ka zo da sassan biyu duka ba tare da ka bubbuge bakin karayar ba, domin da shi za a daidaita lanƙwasar wuyan kafin a fere. Ka zo da safe, saboda ƙarfen zai yi awoyi a cikin toka, kuma ba a ɗora shi a amalanke sai ya huce sarai. Idan kana tsaye a wurin kada ka kalli hasken, kada kuma ka bar yaran da suka rako ka su kalla, domin zafinsa sai cikin dare yake tashi a ido. Kafin ka shiga gujiya, ka fara gwada ta a jigawa mai laushi, ka yi ƴan kunyoyi, sannan ka goge wuyan ka duba gefen waldar da kyau a cikin hasken rana. Idan ka ga wani siririn layi ko da kamar gashi ne, ka tsaya ka dawo da ita tun bai ratsa ba.